Kafin ka sayi kwandalar Rumawa ta zamanin Kustantin

Mutane da yawa sun ɗauka kuɗin Rumawa sai a gidan tarihi, a bayan gilashi. Ba haka ba ne. Kwandalar tagulla da aka buga shekara 1,700 da suka wuce tana cikin tsofaffin kayan tarihi mafi araha a duniya, har akan sami mai kyau wadda rubutunta ke karantuwa a tsakanin dala 10 zuwa 30. Dalili kuwa yawa ne. A ƙarni na huɗu darajar kuɗi ta yi ta zubewa a daular Rum, gwamnati ta yi ta buga sulalla ba ƙaƙƙautawa, jama'a kuma suka yi ta binnewa a tukwane. A 2013 an tono kwandala 22,888 a Seaton Down da ke Ingila, galibinsu na gidan Sarki Kustantin. A 2016 masu haƙa ramin bututu a Tomares ta ƙasar Sifen suka ci karo da tuluna 19 maƙare da sulalla, nauyinsu ya kai kilo 600. Don haka samun kaya ba wuya. Wuyar ita ce sanin wanne ya cancanci kuɗinka.

Kuskuren da sabon mai saye ya fi yi shi ne ya ji an ce Kustantin ne sarkin Rum na farko da ya karɓi Kiristanci, sai ya biya kuɗi yana jiran ya ga gicciye. Kaya na isowa ya juya bayan kwandala ya tarar da mutum tsaye tsirara, da rawanin haske a ka, hannu ɗaya a ɗage, ɗayan riƙe da ƙwallon duniya, an rubuta SOLI INVICTO COMITI a kewaye. Wannan gunkin rana ne. Kustantin ya ci yaƙin gadar Milbiyan a 312, shi da abokin sarautarsa Lisiniyus suka amince a Milan a 313 cewa kowa ya yi addininsa, amma gidajen buga kuɗinsa sun ci gaba da fitar da gunkin rana shekaru bayan haka. Shi kansa ba a yi masa baftisma ba sai yana kan gadon mutuwa a 337. Kiristanci sannu a hankali ya hau kan kuɗin Rumawa, ya fi shekara ɗari yana hawa. Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: wace shekara nake so in riƙe a hannuna?

In tsakiyar wannan canjin kake so, kuma aljihunka ba nauyi, tagullar gidan Kustantin ce taka. Ta gunkin rana tana da yawa, musamman bugun London, Trier da Lyon, kuma ni a ganina ita ce ta fi dacewa mutum ya fara da ita, don tana nuna yadda abin yake kafin a juya. Sai masu rubutun GLORIA EXERCITVS, na 330 zuwa 340, da sojoji biyu tsaye riƙe da māsu. Na farkon suna da tutoci biyu a tsakanin sojojin. Daga wajen 336 da aka rage nauyi zuwa ƙasa da giram biyu, tuta ta koma ɗaya. A nan ne ido ke aiki: a wasu, musamman bugun Arles da ke kudancin Faransa, za ka ga ƙaramar alama a jikin tutar, haruffan Girka biyu a haɗe, kamar an ɗora P a kan X. Haruffan farko ne na sunan Almasihu a harshen Girka. Mai wannan alamar ta fi 'yar'uwarta tsada, amma ba tsadar da za ta karya mutum ba. Abin lura shi ne alamar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma dillalai kan rubuta cewa tana nan alhali ɗigo ne kawai da ya side. In ba ka gan ta da idonka a hoto ba, kar ka biya kuɗinta.

Akwai wata 'yar ƙarama da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. 'Ya'yan Kustantin ne suka buga ta bayan rasuwarsa. A gaba an lulluɓe masa kai, an kira shi da laƙabin da Rumawa ke ba sarkin da suka ɗauka ya zama abin bauta. A baya kuma ga shi a keken dawakai huɗu, wani hannu na miƙowa daga sama zai karɓe shi. Mai bin addinin gargajiya ya duba ya ga nasa, Kirista ya duba ya ga nasa. Tana da araha, sai dai sau da yawa bugun bai zauna daidai ba, hannun ya faɗa waje da baki. Wadda ba hannu a jikinta ta rasa abin da ake sayenta dominsa.

Masu kyarkeciya tana shayar da tagwaye, da aka buga lokacin buɗe birnin Kustantiniyya a 330, suna da kyau a ido kuma kowa na son su, amma ba ruwansu da batun addini. Haka masu FEL TEMP REPARATIO, daga 348, da soja ke soke mahayin doki da ya faɗi. Su ne suka fi cika kasuwa. Saya in ka ga mai kyau, amma kar wani ya ce maka abu ne mai wuyar samu.

Wanda ke son alamar Kiristanci ƙuru-ƙuru, ba sai da gilashi ba, sai ya ƙara kuɗi ya nemi ta Magnentiyus. Wannan hafsan soja ne da ya ƙwace mulkin yamma a 350, aka karya shi a Mursa a 351, ya kashe kansa a Lyon a 353. Gab da ƙarshensa ya buga babbar tagulla wadda alamar nan ta cika bayanta kaf, da harafin Girka na alfa a gefe ɗaya, na omega a ɗayan. Masana da dama na ganin neman goyon bayan Kiristocin yamma yake yi, waɗanda ke riƙe da matsayar taron malaman coci na Nikiya na 325, a kan Sarki Kustantiyus na Biyu da ya karkata ga wani ɓangaren. Wato mai neman tsira da kujera ne ya fara cika kuɗin Rum da wannan alama. Farashinta ya ninka na ƙananan sau da yawa, kuma ana yawan yi mata gyaran hannu.

Abokiyar hamayyarta ita ce ta Yuliyanus, ɗan ɗan'uwan Kustantin, wanda ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin farfaɗo da tsofaffin wuraren bauta tsakanin 361 da 363. Ga shi da dogon gemu a gaba, ga bijimi da taurari biyu a baya. Mutanen Antakiya sun yi ta yi masa ba'a a kan gemun da kuma kuɗin. Babba ce, ta kai giram takwas, tana cika tafin hannu da nauyi. In aka ce in zaɓi guda tsakanin ta Magnentiyus da ta Yuliyanus, zan ɗauki bijimin, don ya fi sauƙin samuwa da kyau. Amma fa jabunsa ma ya fi yawa.

Bayan Sarki Tiyodosiyus ya mai da Kiristanci addinin daula a 380, alamar ta zama ruwan dare, sai dai tagullar ta ƙanƙance har ta koma giram ɗaya da 'yan kai, kamar maɓallin riga. Na ƙarni na biyar, masu gicciye cikin zoben ganye, rubutunsu da ƙyar yake fita. Kar ka biya kuɗin suna a kan irin waɗannan. In an ce maka ta wani sarki ce da bai daɗe ba, alhali haruffa biyu kawai suka rage, zato kake saye. Azurfar wannan zamanin, wadda ake kira siliƙwa, siririya ce mai kimanin giram biyu. Yawancin waɗanda ake tonowa a Ingila an datse musu baki tun a da don a rage azurfa, kamar yadda aka gani a taskar Hoxne da aka gano a 1992. Datsattsiya ta fi araha, amma sau da yawa sunan sarkin ya tafi tare da bakin.

Sai zinariya. Kustantin ne ya ƙirƙiro solidus wajen 309, guda 72 a laban Rumawa ɗaya, kowace kimanin giram 4.5, kuma ta riƙe wannan awon har ƙarni na sha ɗaya. Abin mamaki, ta Kustantin kansa ta fi ƙarfin yawancin mutane, amma na sarakunan Kustantiniyya na baya sun fi sauƙi. Wadda za ta fi jan hankalin mai karatun Hausa ita ce ta Hiraƙal, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641, sarkin nan na Rum da littattafan hadisi suka kawo labarin wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya aika masa. Yana gaba shi da ɗansa ko 'ya'yansa, a baya gicciye a kan matakala, a ƙasa an rubuta CONOB. Irin wannan kuɗin ne ke yawo a Sham da Masar har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira. Ba za ka taɓa samun solidus ƙasa da kuɗin zinariyar da ke jikinta ba, don haka lissafi ne mai sauƙi: tambayi farashin giram a kasuwar 'yan zinari yau, ka ninka da huɗu da rabi. Duk wanda ya yi maka tayi ƙasa da haka, ko jabu ce ko ta sata. Waɗanda aka huda ko aka taɓa maƙala su a sarƙa sun fi araha, kuma ba laifi in don tarihi kake so, amma sayarwa daga baya za ta yi wuya.

Wanda zinariya ta yi wa nisa, akwai babbar tagullar Sarki Yustiniyan mai harafin M a baya, ma'ana arba'in, tsarin da Sarki Anastasiyus ya kawo a 498. Daga 538 aka fara rubuta shekarar sarauta a jikinta. Ke nan kana iya zaɓar shekara ta 15, lokacin da wata babbar annoba ta shiga Kustantiniyya. Faɗinta yakan kai milimita 40.

Ko wacce ka zaɓa, duba ƙasan bayanta. Haruffan da ke nan su ne sunan garin da aka buga ta: TR Trier, SIS Siskiya da ke Kuroshiya ta yau, SMN Nikomidiya, SMAN Antakiya, CONS Kustantiniyya, SMAL ko ALE Iskandariya ta Masar. Kwandalar da wannan wurin ya goge ta yi asarar rabin labarinta. Da sunan sarki da rubutun baya da alamar gari, kana iya shiga shafin OCRE na ƙungiyar masana sulalla ta Amurka, kyauta ne, ka gwada abin da dillali ya faɗa da abin da ke rubuce, sai dai shafin bai kai kan na Yustiniyan da Hiraƙal ba.

Wurin saye kuwa hawa-hawa ne. A eBay akwai na kirki, akwai kuma jabu jibge, ba wurin ɗan koyo ba ne. VCoins da MA-Shops kasuwanni ne na dillalai masu rajista, farashi a rubuce, kuma na kirkinsu kan ba da tabbacin mayar da kuɗi in kaya ya fito jabu ko bayan shekaru. Nemi ka ga wannan a rubuce kafin ka biya. Gidajen gwanjo sun fi kaya masu kyau, amma sukan ɗora la'ada wajen kashi 20 cikin ɗari a kan abin da ka taya, ga kuɗin aikowa, ga canji. Kwandalar dala 15 tana iya zama ta dala 50 kafin ta iso Kano ko Maraɗi, don haka gara ka tara uku ko huɗu wurin mutum ɗaya, ka kuma tambaya tun farko ko yana aikowa ƙasarka. Kwandalar da aka rufe a robar NGC, kamfanin da ke duba sulalla, an auna kyanta ne kawai. Kamfanin da kansa ya ce ba ya ba da lamunin sahihancin tsofaffin sulalla irin waɗannan.

Buhunan da ake tallatawa wai ba a wanke su ba, ka wanke ka ga sa'arka, ni ba na ba da shawararsu. An riga an tsince masu kyau kafin su zo gare ka. Sannan yawancinsu ba a san inda aka tono su ba, kuma ƙasashe irin su Italiya, Girka, Turkiyya da Masar suna da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi. Mu da muka ga yadda aka wawashe kayan Nok bai kamata mu zama kasuwar masu irin wannan haƙa ba. Tambayi asalin kaya: tsohuwar takardar gwanjo, ko sunan tarin da ta fito.

Idan kaya ya iso, sikelin awon zinariya da gilashin ƙara girma sun ishe ka gwajin farko. Ta gaske bugawa aka yi da guduma, don haka layukanta na da kaifi, bakinta kan ɗan tsattsage. Ta jabu galibi zubi ce: za ka ga siririn layin haɗi a gefe, ko ƙananan ramuka na kumfa, fuskar kuma ta yi sulɓi. Duba ko an sake sassaƙa gashin sarki ko haruffa da wuƙa, ko an manna mata jan yashi don ta yi kamar daga hamada ta fito. Koren da ya kama jiki yana sheƙi kariya ce, kar ka goge shi da lemun tsami ko toka. Wanda za ka ji tsoro shi ne kore mai haske da ke zuba kamar gari in ka taɓa da tsinke. Wannan cuta ce mai cin tagulla, kuma laimar damina na hura mata wuta. In ka gan shi a hoto kar ka saya, in kuma a taka ya fito, ware ta daga sauran, ka ajiye su duka a ambulan takarda tare da 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.