Na je Svenskt Tenn a Stockholm, furanni har kan kujera

'Yan uwa mata masu son gyaran ɗaki, duk wadda Allah ya kai ta Stockholm, babban birnin Suwidin, ta daure ta leƙa shagon kayan ɗaki na Svenskt Tenn, yana nan lamba 5 a titin Strandvägen, bakin ruwa. Ni da a ce min adon ɗakin 'yan Suwidin sai in hango farin bango da kujera ruwan toka, shi kenan. Ashe ba haka ba ne wlh.

Ina shiga ido na ya sauka kan yadudduka, ganye, tsuntsaye, furanni manya manya, wani a kan fari wani a kan baƙi wuluk, kuma duk da yawan kalolin ba su yi wa juna hayaniya ba, idon da ya saba zaɓen atamfa a kasuwa nan take zai gane aikin. Akwai wani mai suna Hawaii da na daɗe a gabansa, sai Vegetable Tree, bishiya ɗaya ce amma ta haifi kayan lambu kala kala. Yadin lilin ne mai kauri, in ka taɓa za ka ji nauyinsa a hannu.

Mace ce ta buɗe shagon a 1924, Estrid Ericson, da kayan kuza ta fara, sunan ma kuzar Suwidin yake nufi. Mai zanen yaduddukan kuma Josef Frank, Bayahude ɗan Ostiriya da ya koma Suwidin a 1933, da yawa daga cikin zanen nan a New York ya yi su lokacin yaƙin duniya na biyu. Mutum yana gudun hijira amma furanni yake zanawa, wannan ya taɓa min zuciya sosai.

Sai da na yi hunturu a garin na gane dalilin son furannin nan nasu. A Disamba ƙarfe 3 na rana duhu ya fara, to in Yuni ta zo rana tana kaiwa 10 na dare ba ta faɗi ba, kowa sai ya fita daji, yara da kambin furanni a ka, har cikin gida suke son shigo da damina su ajiye.

Maganar kuɗi kam akwai tsada, aikin hannu ne. Kujerun kallo kawai na yi na ce masha Allah. Rigar filo biyu na saya da ƙaramin tire na katako mai zanen furanni, na ɗora filon kan tsohuwar kujerata mai ruwan ƙasa, falo ya tashi gaba ɗaya. Kar dai a haɗa da labule mai zane, ko filo ko labule, ɗaya ya isa.

A saman bene akwai wurin shan shayi, in za ki je ki je da safe kafin mutane su cika.