Zaɓen Na'urar GPS Don Auna Gudu a Kan Ruwa

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar waya a cikin kwalekwale mai inji a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, ya ga ta nuna masa gudun da hankali ba zai ɗauka ba, ya riga ya gamu da matsalar da ta daɗe tana damun masu windsafin, wato wasan da ake hawa allo mai filafili iska tana tura shi a kan ruwa. Wasan bai yaɗu a Gombe da Bauchi ba, amma masu yin sa sun ƙware wajen auna gudu, domin bambancin da ke tsakanin gwanayensu ƙanƙane ne ƙwarai. A shekarar 2015, a mashigin ruwan Lüderitz da ke Namibiya, Antoine Albeau ɗan ƙasar Faransa ya yi gudun not 53.27 a tazarar mita 500, kuma tun da not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa, gudun nasa ya haura kilomita 98 a awa.

Abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne yadda na'urar take lissafa gudu. Wata takan ɗauki wurin da kake yanzu da wurin da ka kai bayan daƙiƙa ɗaya, sannan ta raba tazarar da lokaci. Illar wannan hanya ita ce kuskuren mita biyu ko uku a gano wuri ya isa ya ƙara wa mutum kilomita da dama a awa waɗanda bai yi ba. Hanya ta biyu ita ce ta Doppler, inda na'urar take auna sauyin da motsi ke haifarwa a siginar da ke zuwa daga taurarin ɗan'adam, kamar yadda ƙarar hon ɗin mota ke sauyawa a kunne lokacin da ta tunkaro da lokacin da ta wuce. Wannan hanya ta fi inganci nesa ba kusa ba, kuma a ganina na'urar da ba ta adana gudun Doppler ba ta cancanci kuɗin wanda ke neman sahihin sakamako ba.

Wayar hannu ce mafi sauƙi tun da tana aljihu, sai dai yawancinsu sau ɗaya suke ɗaukar bayani a daƙiƙa. Ta isa ga mai son sanin tsawon tafiyarsa, ba ga mai gasa ba.

Agogon wasanni irin na Garmin da COROS ya fi ta jure ruwa da daɗin ɗauka, amma wuyan hannu ba ya zama wuri ɗaya. Idan mutum ya riƙe sandar filafili ko matuƙi ta ƙasa, fuskar agogon takan kalli ruwa maimakon sama, siginar ta yi rauni, kuma kowane kaɗa hannu yana iya shiga lissafi a matsayin gudu. Haka abin yake ga mai sukuwa da ke riƙe da linzami.

Na'urorin da aka ƙera musamman don wannan aiki su ne suka fi dacewa. Kamfanin Locosys na Taiwan ya yi suna da GT-31, wadda ke ɗaukar bayani sau ɗaya a daƙiƙa, daga baya ya fito da GW-52 da GW-60 masu ɗauka sau biyar. An daina ƙera GT-31, don haka sai ta hannu, kuma dole a bincika lafiyar batirinta. Na'urar Motion, mai aiki da ƙwaƙwalwar kamfanin u-blox na Suwizalan, tana ɗauka sau goma a daƙiƙa, ana kuma ɗaura ta a damtse inda take fuskantar sama. Babbar falalar irin waɗannan ita ce suna rubuta kiyasin kuskure tare da kowane awo, ta yadda idan lamba ta yi tsalle za a iya gane ko gudu ne na gaskiya ko ruɗewar sigina. Sababbin da ke karɓar siginar taurarin ɗan'adam na Galileo na Turai da GLONASS na Rasha tare da GPS na Amurka sun fi samun taurari masu yawa a lokaci guda.

Kada lambar gudu mafi girma da ke fitowa a fuskar na'ura ta ruɗi mai saye. Masu wasan sun fi dogara da matsakaicin gudu biyar mafi kyau na daƙiƙa goma-goma, saboda haka a tabbatar na'urar tana fitar da cikakken fayil da za a buɗe a kwamfuta.

Game da ruwa, alamar IPX7 tana nufin jure nutsewar mita ɗaya na minti 30 kawai, wanda bai kai ƙarfin faɗuwa cikin ruwa da gudu ba, don haka jakar roba mai hana ruwa shiga tana da amfani. Zafin Maris da Afrilu a yankinmu kuma yana gajiyar da batiri, bai kamata a bar na'urar cikin rufaffiyar mota ba. Tun da galibi daga waje ake yin odar irin waɗannan kaya, a haɗa kuɗin aikowa da na kwastan a lissafi, a kuma tambayi mai sayarwa sharuɗɗan mayarwa kafin a biya.