Baba mai injin katako na Sokoban ya iya zarto, amma a shagonsa aka raba mini ƙashin fiffiken jirgi gida biyu

Wata uku ke nan ina danne wannan magana a ciki, don da na rubuta ta a makon da abin ya faru, da na zalunci dattijon. Ko yanzu ma zuciyata ba ta gama hucewa ba.

Waɗanda suka san ni a unguwar Aboabo ta Kumasi sun san abin da ke cikin rumfar bayan gidanmu: jirgin sama na katako mai kujera biyu, ƙirar Pietenpol Air Camper, wanda Bernard Pietenpol ya fito da shi a jihar Minnesota ta Amurka a 1929 da injin motar Ford Model A. Shekara biyu ina kansa, daga la'asar zuwa magariba. Katakon da ake yin sa da shi, Sitka spruce, ba ya fitowa a dajinmu. Yayana da ke Bronx a birnin New York ne ya saya mini, ya sa cikin kwantenar da suke haɗa kaya, ta sauka tashar jiragen ruwa ta Tema, mota ta hauro da shi Kumasi. Falankai huɗu ne dogaye, kowanne kusan ƙafa 14, su ne ƙashin bayan fikafikan, na gaba da na baya, sai wasu gajeru na haƙarƙarin fikafikan.

Zarton da nake da shi a gida ba na wannan aikin ba ne, shi ya sa kafintocin zango suka tura ni wajen wani dattijo a Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi.

Zuwana na farko da gajerun na je, kuma wallahi na dawo gida da murna. Sanduna nake so masu kaurin kwatan inci da faɗin rabin inci. Tun ban buɗe baki ba Baba ya cire zarton da ke kan injin ya ɗaura siriri, ya ce, "Ɗana, katakon da ya ƙetaro teku ba a mayar da rabinsa dusa." Na fara yi masa bayanin cewa jijiyar katakon jirgi ba a so ta karkace fiye da inci 1 a tsawon inci 15, sai kawai ya ɗauki wani guntu ya tsaga da wuƙa, ya nuna mini yadda tsagar ta bi, ya ware falanki ɗaya gefe ya ce ƙarshen wannan kada in sa shi inda zai ɗauki nauyi. Mutumin da bai taɓa shiga jirgi ba. Da na auna sandunan a gida, waɗanda na fitar ba su kai goma ba. Da su na haɗa haƙarƙari kusan 30, da gam ɗin T-88, kuma duk suka zauna cikin allon ƙira ɗas, ba tursasawa.

To wannan daɗin da na ji shi ya sa na kwashi dogayen na kai masa, a kankare su zuwa kaurin kashi uku cikin huɗu na inci.

Ranar Juma'a ce. Aiki ya yi kyau, na shafa da hannuna, santsi kamar faranti. Lokacin masallaci ya matso, Baba ya ce in tafi, yaronsa zai ɗaure su a aboboya, wato keken kaya mai ƙafa uku, a kawo mini har ƙofar gida. Na biya, na biya kuɗin dako, na ce wa yaron da bakina, sau biyu, ya shimfiɗa kwali a ƙasa kada ƙarfe ya kwarzane su.

Bayan la'asar na ji ƙarar aboboya a lungu. Falanki huɗu na kai, biyar aka sauke mini.

Na tsaya ina kallon bakin yankan. Zarton hannu ne, a karkace, har da ɓalli a gefe inda aka ƙarasa shi da karyawa. Mai aboboya ya ce wai sun ga katakon ya zarce bayan keken da yawa, sai yaron ya ce bari a rage tsawon. Ya gama da na farko ya ɗora zarto kan na biyu, wani kafinta na shagon kusa ya daka masa tsawa. Sai suka ɗaure sauran ukun a tsawonsu, suka rataya jan ƙyalle a baya, suka iso lafiya ƙalau. Wato tun farko babu abin da ya hana a kawo huɗun haka. Da na ce masa ya san abin da suka yi kuwa, sai ya ce, "Maigida, ai katako katako ne." Ban iya cin tuwon dare ba ranar.

Washegari da sassafe na koma. Gaskiya Baba bai yi musu ba, bai kuma ɓoye a bayan yaron ba. Ya riƙe guntayen biyu ya daɗe yana salati, ya ce, "Laifina ne, ni na bar shago." Ya ƙirgo kuɗin aikin duka ya mayar mini, ya ce in zaɓi duk falankin da nake so a Sokoban ya biya, ko na itacen da 'yan Asante ke kira wawa, tunda shi ma ba shi da nauyi. Na ce, "Baba, rashin nauyi kaɗai ba ya wadatarwa." Wawa bai kai spruce ƙarfi ba, itacen odum kuma ya yi nauyi, kuma an lissafa kaurin ƙashin nan ne a kan spruce. A kansa ran mutum biyu zai rataya.

Ana iya haɗa ƙashin fiffike, ba haramun ba ne. Ana fere bakunan biyu a kwance, inci 15 na tsawo ga kowane inci 1 na kauri, a manne su da gam, a ƙarfafa da siririn filawud. A kaurin nawa hakan zai cinye kusan inci 11, kuma ina da ɗan rarar da za ta ɗauka da ƙyar. Na yi kwana biyu ina murna da wannan lissafi, har na shimfiɗa zanen na auna. Yankan ya faɗo kusa da inda ƙarfen tokaren fiffike zai zauna, wurin da za a huda a sa ƙusoshi, kuma ƙa'ida ta hana haɗi ya kasance a ƙarƙashin irin wannan ƙarfe. Shi ke nan, falankin ya tashi daga aiki. Baba ya yanka mini shi sanduna kyauta, da su na yi wutsiyar jirgin, kuma yankan nan ma babu abin kushewa.

Saboda haka in ana maganar hannu ne, ban ga kamarsa ba a Kumasi, kuma ko gobe zan kai masa ƙananan aiki. Amma duk sanda na shiga rumfa na ga falankai uku a kan maratayi da gurbin na huɗu, sai abin ya dawo mini sabo. Me ya sa shagon da ake kawo wa odum da mahogani masu tsada bai koya wa yaransa cewa ba a ɗora zarto a kan kayan mutum sai da izininsa ba? Kuɗin aikin da aka mayar mini bai kai ko kuɗin fiton falankin a Tema ba. Fiffiken hagu da na so in rufe kafin hunturu yana nan a buɗe, sai yayana ya sake samun kwantena. Yaron kuma yana nan a shagon. Makon jiya da na je, shi ya tare ni zai karɓi katakon hannuna. Na ce ya bari, na zauna kan benci da kayana a cinya har Baba ya dawo daga salla.