Kamfanin da ya gyara mana hanyar laburare a saba

Wani ƙaramin kamfanin kula da kwamfuta da ke kan titin gidan Zoo ya yi mana aiki a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin shagunanmu na Kantin Kwari, kuma a ganina ya cancanci yabo, domin ya bi matsalar har tushenta. Sabar tana aiki da Linux, manhajar lissafin kuma tana sadarwa da rumbun bayanai na Oracle ta Instant Client, wato tarin fayilolin Oracle da ke haɗa manhaja da rumbun. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta, saba ta mutu ta sake tashi, manhajar takan ƙi tashi, ta ce ba ta ga libclntsh.so ba, wani laburare na Instant Client (laburare a nan fayil ne mai ɗauke da umarnin da manhaja ke ara domin ta yi aiki), alhali fayil ɗin yana nan cikin foldarsa.

Injiniyan da suka turo bai yi gaggawar sake girka komai ba. Ya nuna mini cewa an rubuta LD_LIBRARY_PATH, wato saitin da ke nuna wa manhaja inda za ta nemi laburare, a cikin fayil ɗin .bash_profile ne, wanda ba a karanta shi sai mutum ya shiga da sunansa, shi kuwa systemd da ke tayar da manhajar da kansa ba ya duba wurin ko kaɗan. Sai ya buɗe sabon fayil a /etc/ld.so.conf.d, ya rubuta adireshin foldar Instant Client a layi guda, ya bayar da umarnin ldconfig domin a sabunta jerin laburaren da tsarin ke dubawa, sannan ya gwada da ldd muka ga kowane laburare da wurin da aka samo shi.

Na tambaye shi me zai hana a sa LD_LIBRARY_PATH ga dukkan sabar a huta. Ya ce, "Alhaji, shi ake fara dubawa kafin wancan jerin, don haka yana iya sa wata manhaja ta ɗauki laburaren da ba nata ba." Wannan amsa ce ta sa na amince da shi, kuma bai tafi ba sai da ya kashe sabar a gabana ya kunna, manhajar ta tashi ba tare da an taɓa ta ba.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne rashin barin bayani a rubuce. Sunan foldar Instant Client yana ɗauke da lambar sigarsa, saboda haka ranar da aka sabunta shi dole a gyara wancan layin, kuma da baki kawai aka gaya mini haka. Duk wanda zai kira su ya nemi takardar abin da suka canza tun kafin a yi ciniki.