Na'urar VFD a kan famfon ban-ruwa: abin da na gani

Masu tambayata game da akwatin da ke liƙe a bangon ɗakin injin gonata a Kura, VFD ake ce mata, wasu masu gyaran wuta kuma su ce inbatar moto, na'ura ce mai sarrafa gudun moton lantarki. Tawa mai kilowat 7.5 ce, ƙirar China, daga Sabon Gari na ɗauko ta, na haɗa ta da famfo mai moton kilowat 5.5, tiri-fes, wato mai layin wuta uku. Akwai na ABB da Schneider da Danfoss a kasuwa, amma aljihuna bai kai can ba.

Janareto ne ya sa na saye ta. Moto in aka ba shi wuta kai tsaye yakan zuƙi ninki 6 ko 7 na abin da yake ci bayan ya kama gudu. Lokacin ne janaretona kan yi gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi, wani sa'in ya mutu murus. Yanzu na saita ta ta ɗauki sakan 15 kafin famfo ya kai cikakken gudu. Za ka ji shi yana tashi sannu a hankali, bututu ba ya zabura, janareto ko a jikinsa. Ko wannan kaɗai take yi, ta biya kuɗinta.

Wutarmu a Najeriya tana kaiwa da komowa sau 50 a sakan ɗaya, shi ne 50 Hz da kake gani a jikin farantin moto, kuma da wannan lissafin moto yake juyawa. Nawa yana yin wajen juyi 2,900 a minti, ba ka da ikon rage masa gudu, sai dai ka shaƙe bawul ka rage ruwan. Abin da akwatin ke yi shi ne ta karɓi wutar ta mayar da ita irin ta batir, ta tara a manyan kafasito masu ajiye wuta, sannan wasu makunnai da ake kira IGBT su riƙa kunnawa da kashewa sau dubbai a sakan, su ƙera sabuwar wuta mai Hz ɗin da ka zaɓa. Ka murɗa ta zuwa 25, gudun moto ya koma rabi, ita kuma ta rage ƙarfin wutar daga bolt 400 zuwa wajen 200 don kada koyil ya ƙone. Wannan kunna-kashen ne ke sa moto ya riƙa wani siririn fito, wanda har yau kunnena bai saba da shi ba.

Maganar cewa akwatin na rage wa janareto shan mai gaskiya ce, sai dai mai shagon ya zuzuta ta fiye da kima. A ƙa'ida, famfo in ya sauka daga 50 zuwa 40 Hz, wutar da yake ci takan ragu kusan rabi. Amma ƙarfin tura ruwan ma raguwa yake yi. A gonata, da na sauka ƙasa da 35, famfo yana ta juyi, ruwa bai isa kwamin tumatir na can tudu ba. Janareton dizal kuwa, ko ka rage masa kaya ba ya rage sha daidai da haka. Na ga sauƙi a jarka, ba irin wanda aka yi min alkawari ba. Kuma fankar da ke sanyaya moto a jikin sandarsa take, in ka bar shi yana rarrafe tsawon yini zai ɗauki zafi.

Inda VFD ɗin ta fi ba ni haushi shi ne zafi da ƙura. Da rana tsaka a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, sai ta tsaya cak ta nuna wasu haruffa a ɗan allonta. Sai da muka yi wa ɗakin silin muka buɗe taga ta biyu. Da hunturu kuma ƙura kan toshe mata hanyar iska, dole a riƙa hure ta. Littafinta Turanci ne mai wuyar bi, saituttuka sun fi ɗari, don haka nemi mai gyaran da ya taɓa haɗa irinta, ya shigar mata da lambobin da ke farantin motonka daidai.

Mai famfo ko injin niƙa da ke fama da janareto, ina ba shi shawarar ya saya. Abu biyu kawai: kada a sa makunni tsakaninta da moto a riƙa kashewa tana aiki, kuma in an cire mata wuta a jira minti 10 kafin a buɗe murfinta, don kafasiton nan suna riƙe da wutar da ta haura bolt 500.