Ilimi Kyauta ko Ciyarwa: Wanne Ke Kai Yaro Aji Shida?

Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 har zuwa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, Najeriya ta dogara ne ga soke kuɗin makaranta, wanda ya cika azuzuwa amma bai hana yara, musamman 'yan matan karkara, barin karatu kafin aji shida ba, domin talla da aikin gona suna nan. A ganina ciyarwar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 ta fi taɓa tushen matsalar, tunda yaron da ya ƙoshi yakan dawo washegari. Abin takaici, an taƙaita ta ga aji ɗaya zuwa uku, alhali a manyan azuzuwa ne iyaye suka fi janye 'ya'yansu.