Batirin ruwa ko na litiyam: wanne ya dace da injin iska?

Iska ba ta da alƙawari, yanzu ta taso, anjima ta kwanta. Shi ya sa famfon ban ruwa da ke shan wutar injin iska, wato farfelar da iska ke juyawa ta samar da lantarki, yake jingina da batir.

Batirin ruwa, mai dalma a ciki, ya fi araha. Amma in ana zuƙe fiye da rabin cajinsa, ba ya ƙarko. Zafi ma abokin gabarsa ne: ƙarin kusan digiri 10 sama da digiri 25 na ma'aunin Salsiyas yana rage masa rabin shekarunsa. A tuna da zafin Afrilu a Sakkwato. Ga wahalar buɗe murfi ana ƙara ruwa.

Na litiyam yana ba da kashi 80 na cajinsa ko fiye, kuma ana caja shi sau dubbai. Sai dai yana da na'urar tsaro da ke yanke wuta. Moton famfo kan ja ninki 5 zuwa 7 na wutar da ya saba ja lokacin tashi, sai ka ji ƙas, na'urar ta yanke, komai ya mutu. In kuma batir ya cika ya yanke, farfela ta rasa inda za ta zuba wuta, sai ta yi ta gudu ba birki.

Ni dai litiyam zan saya, in haɗa da na'urar da ke tayar da moto a hankali, da hita mai shanye rarar wuta.